Ɗalha Mai Fura da Katin Gyara

A duk Gwandu, daga bakin tasha har cikin kasuwa, babu mai awo ko mai tebur da bai san muryar Ɗalha Mai Fura ba idan yana cewa, "To, gyara hwa?" Ko albasar miyar rana ɗaya ya saya, zai tsaya ƙyam da ledarsa a buɗe har sai an jefa masa wata 'yar ƙarama a kai. Mai gero ya san in ya cika masa tiya ta yi tozo, aikinsa bai ƙare ba sai ya ƙara tafi guda. A gidan mai ma, inda na'ura ke awo ba mutum ba, sai da ya koya wa masu zuba mai su girgiza masa bakin tiyo sau biyu a tankin babur kafin su zare. An ce ya taɓa neman gyara wurin wanzami. Wanzamin ya duba kan ya ga babu sauran gashi, sai ya ɗan taɓa masa gashin baki, suka rabu lafiya.

Kada a ɗauka rowa ce ko kwaɗayi. Duk wanda ya taɓa shan fura a shagonsa ya san hannun Ɗalha a sake yake, ba ya miƙa wa mutum kofi sai ya ƙara masa ludayi a kai. Shi dai a wurinsa awo haƙƙi ne, ko maƙiyinka ka auna masa daidai. Gyara kuwa shi ke nuna an san ka. Cinikin da babu gyara a ciki, in ji shi, fashi ne da sallama.

Mutum ɗaya tak ce a duniya bai taɓa ce wa "gyara hwa" ba, ita ce Inna Zulai mai nono.

An haifi Ɗalha a Gwandu shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce. Mahaifinsa manomin albasa ne, mutum marar magana, wanda ya rasu kamar yadda ya rayu, bai dami kowa ba. Mahaifiyarsa Safiya ce ta riƙe gidan da turmi da taɓarya. Takan daka fura ta kai kasuwa, ta zauna ƙarƙashin wata tsohuwar ceɗiya. A gefenta na dama, shekara talatin cur, wata Bafulatana daga wata ruga ta hanyar Malisa ke sauke ƙoren nononta. Ita ce Zulai. Mai saye ya sayi fura wurin Safiya, ya juya ya sayi nono wurin Zulai, wadda hannunta ya fi kusa ta dama masa. Sun sha yin faɗa a kan inuwa, sun sha shiryawa a kan goro. Tsakanin ƙafafunsu Ɗalha ya yi rarrafe, kuma Zulai ta goye shi kusan yadda uwarsa ta goye shi.

Da ya girma ya gwada sa'arsa a waje. Ya yi kabu-kabu wata huɗu a Birnin Kebbi, ya kayar da fasinja biyu, na biyun ɗan sanda ne. Ya bi motar albasa zuwa kudu, motar ta lalace kwana tara a hanya, ya dawo ba abin da ya rage masa sai warin. Daga nan ya sanar da kowa cewa dama shi tun farko fura yake so. Ya kafa tebur a bakin tasha, uwarsa na dakawa shi yana sayarwa. Tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago mai firiji da injin dama fura da sola a kan rufi. Ya auro Ruƙayyatu daga Maruda, mace mai kaifin hannu da kaifin baki, wadda ta karɓi taɓaryar surukarta tun kafin a ce ta karɓa. 'Yarsu ta fari Maryam, don haka a gida shi Baban Maryam ne.

Safiya ta rasu da damina, bayan jinyar mako biyu. Ranar addu'ar uku Zulai ta shigo gidan da ƙwarya a ka. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta sauke ƙwaryar a gaban Ɗalha, cike da kindirmo, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki wata tsohuwar ƙwaryar Safiya, wadda ta taɓa tsagewa a gefe Safiya ta ɗinke ta da kanta.

"Ɗan Sahiya," in ji ta, "wagga ni ka tahiya da ita. Waccan ka aje mani ita a wanke gobe da sahe."

Ba a yi wata magana ba bayan wannan, kuma ba a sake yi ba. Shekara goma sha bakwai ƙoren nan biyu na musaya. Kowace safiya, kafin motar farko ta cika, Inna Zulai za ta iso bakin shagon da nonon farko, wanda ba ta sayar wa kowa ko an ninka kuɗin. Ta auna masa abin da ya saba ɗauka, ya biya ta, ta ƙulle a bakin zane. Sannan, ba ta ko dubansa, ta cika ludayi ɗaya ta ƙara, ta ɗora curin man shanu kamar ƙwan zabo a kai, ta ce, "Wanga na Sahiya na." Ta ɗauki wankakkiyar ƙwarya ta wuce kasuwa.

Da wannan nonon furar Ɗalha ta yi suna. Direbobin da ke bi ta Gwandu sukan ƙi cin abinci a Jega don kada su ɓata cikinsu kafin su iso. Shi kuwa bai taɓa sayar da ludayin nan na ƙarshe ba. Yakan kwashe shi a ƙaramin kwano ya dama wa kansa, ya sha a tsaye kafin mutane su taru.

Banki ya shigo rayuwarsa ne shekarar da aka canza kuɗi, takarda ta ɓace daga hannun mutane, fasinja ya sha fura ya ɗago waya ya ce zai tura. Dole Ɗalha ya buɗe asusu. Ya dangwala yatsunsa goma, aka ɗauki hotonsa yana hararar na'ura. Daga nan bai sake tuna banki ba sai bara, ranar da wani ma'aikacinsu mai suna Muzzammil ya sauka daga mota a tasha, da taye a wuya cikin zafin bazara, ya sha kofi biyu, ya dubi layin mutane, ya ja benci ya zauna.

"Malam Ɗalha, mai ciniki irin naka bai kamata yana sayen kaya da tsabar kuɗi ba," in ji shi. Ya zaro katuna uku daga jaka ya jera a kan tebur, shuɗi da ja da kore. "Duk wanda ka ɗauka, ka sayi kaya banki ya biya nan take, kai ka mayar kafin wata ya mutu. Ba ruwa, ba ƙari. Kuma kowace sayayya ana ba ka maki."

"Maki irin na makaranta?"

"A'a, kamar tukuici ne. In sun taru sai ka karɓi kyauta."

Ɗalha ya ajiye ludayin da ke hannunsa a hankali. "Kana nuhin gyara."

Muzzammil ya ɗan yi tunani. "To, e. Gyara."

Ɗalha ya ɗauki katunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen gero. Ya auna su a tafin hannu, ya lanƙwasa, ya ɗaga su wajen rana. Shuɗin, in ji Muzzammil, makinsa na tikitin jirgin sama ne. Ɗalha ya ce shi da jirgi sai dai ya ɗaga kai ya gan shi, ya mayar. Jan na man mota ne. Ɗalha ya ce baburinsa ba ya shan mai sai ranar Juma'a, ya mayar. Koren kuwa na kayan masarufi ne, ga takarda mai hotunan kyaututtuka: a can ƙasa biro da laima, a tsakiya fulas da fanka, a can ƙololuwa wani farin firiji mai murfi biyu wanda mutum zai iya kwanciya a ciki.

"Me ka fi kashe kuɗi a kai?" in ji Muzzammil.

"Nono."

"Madalla. Ina kake saye?"

"Wurin Inna."

"Tana da na'urar kati?"

"Shanu gare ta. Sha ɗaya."

Muzzammil ya gyara tayensa. Ya yi bayani cewa maki ba sa shiga sai an goga katin a shagunan da ke cikin jerin banki. Ya bi jerin da yatsa har ya samo wani babban shago a Kalgo mai sayar da madarar gari buhu-buhu. Ya ce masu fura da yawa a birni yanzu da ita suke haɗa nononsu, ba jiran saniya, ba jiran kowa.

Kwana uku Ɗalha na juya maganar. Ya tambayi liman ko akwai riba a ciki, liman ya ce in dai ba a ɗora ko kwabo a kai ba shi bai ga riba ba, sai dai bai ga amfanin ba kuma. Ɗalha ya riƙe rabin farko na amsar. A gida ya baza takardar hotunan a gaban Ruƙayyatu tana tankaɗen gari.

"Baban Maryam," in ji ta, ba ta daina tankaɗe ba, "shi bankin ga ya san ka?"

"Ya san ni mana. Hotona na wurinsu, har da yatsuna goma."

"Ya zo ta'aziyyar mahaihiyarka?"

"Ke dai ba ki san zamani ba. Banki guda, mai rassa har Legas, shi ka cewa zai ba ni gyara ban roƙa ba. Wa ya taɓa yi mani haka?"

Ruƙayyatu ta ɗago ta dube shi, dubawa mai tsawo. Ta san amsar, shi ma da ya tsaya ya saurari bakinsa da ya san ta. Ta mayar da kai kan rariya. Washegari ya ɗauki koren.

Da farko, a yi masa adalci, ya so haɗa biyun. Da Inna Zulai ta zo ya nuna mata katin, ya ce ko 'ya'yanta za su samo mata na'ura. Ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta kankare busasshen nono da gefensa daga bakin ƙwarya, ta ce yana da kyau, ta miƙa masa. Ta ƙara ludayinta, ta ce na Sahiya na, ta tafi tana dariya.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Kalgo. Sai an bi ta Birnin Kebbi, inda ya wuce shaguna sun fi ɗari masu madarar gari bai ko waiwaya ba, tunda ba sa cikin jeri. Shagon Kalgon na bakin titi ne, mai ƙofar gilashi da sanyi a ciki. Mai shi, Alhaji Hassan, ya sa aka ɗauko buhu, ya goga katin, na'ura ta yi tari ta tofo takarda. Ɗalha ya tsaya ƙyam.

"To, Alhaji, gyara hwa?"

"Gyara na cikin wayarka," in ji Alhaji Hassan.

Kafin ya rufe baki wayar ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne, an ce ya samu maki, an kira shi abokin hulɗa mai daraja. Ɗalha ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya riƙe wayar da hannu biyu ya ce, "Allah shi saka da alheri," har ya ɗan rusuna. Makon da ya biyo ya cika jarka da fura ya kai reshen bankin a Birnin Kebbi don godiya, domin a tarbiyyarsa ba a karɓar alheri a yi shiru. Aka ce an mayar da Muzzammil wani gari. Mai gadi ya karɓi jarkar a madadin hukuma.

Haɗa nono da madarar gari ba wuya. A dama da ruwan ɗumi, a zuba ɗan tsohon nono a ciki don ya kama, a rufe ya kwana. Tsohon nonon da Ɗalha ya zuba a bokitin farko na Inna Zulai ne, daga ludayin nan na ƙarshe. Da safe ya kama, fari tas, ba tsami ba ƙamshi, ga shi da auki. Ya fara cewa Inna ta rage masa rabi, wai ciniki ya ja baya. Ta dubi layin mutane, ta dubi bokitai biyu da aka rufe da farin ƙyalle, ta auna rabi. Ludayin Safiya dai ba ta rage shi ba.

Sai dai rabin nan da yake saya na jinkirta firijin banki. Duk ludayin da ya saya wurin Inna, a lissafin Ɗalha, maki ne suka zube a ƙasa. Ya yanke shawarar zai faɗa mata ta dakata na ɗan lokaci, har firiji ya iso. Ya shirya maganar tsaf, ya maimaita ta a hanyar masallaci. Da safe ya hango ta tun daga nesa, ya gane ta da tafiyarta, ƙwarya a ka, hannu ɗaya na lilo. Maganar ta gudu daga kansa gaba ɗaya. Mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu ya shige bayan firijinsa ya tsuguna.

Ta yi sallama sau uku. Takalmansa na bakin ƙofa, rediyonsa na magana, injin dama fura bai gama hucewa ba. Yana jin numfashinta na mai tafiyar nesa. Ta tsaya abin da za a dama wa mutum biyar fura, sannan ya ji takunta ya yi nisa. Rana ta biyu haka. Ya gaya wa kansa gobe zai fito. Rana ta uku ba a yi sallama ba. Da ya leƙo, ga ƙwaryar uwarsa mai ɗinki a bakin ƙofa, wankakkiya, busasshiya, an kife ta a kan takalmansa.

Kunya ta kama shi har ƙeyarsa ta yi zafi, kuma ƙarƙashin kunyar akwai tsoro, don ya san abin da aka kife ba ƙwarya ba ce kaɗai. Ya ɗauke ta ya ɗora can saman kantar shago, inda ido ba ya kaiwa. Ya ce in firiji ya zo zai je har ruga ya yi bayani, ya ma ce ta riƙa ajiye nononta a ciki kyauta. Wannan tunanin ya ba shi sauƙi sosai, har ya fara ganin kansa a matsayin mai shirya mata alheri.

Wata tara yana zaryar Kalgo. Ya san kowane rami a hanyar, ya san 'yan kamasho da sunayensu, kuma kuɗin motar da ya zuba, da an tara su, ba sai an jira banki ba. Shago bai mutu ba, don matafiyi mai ƙishi ba ya tsayawa bincike. Amma tsofaffin direbobi sun lura. Wani ya kurɓa ya tsaya ya ce, "Ɗalha, hurar ga ta yi boko." Ɗalha ya ƙara sukari. Ya daina dama wa kansa da safe, ya koma shan shayi wurin maƙwabci, yana cewa likita ne ya ce. Kasuwa kuwa ya daina bi ta gefen ceɗiya, ya gano wata doguwar hanya ta bayan mahauta.

Ranar da ya ga lokaci ya yi, ya sa sabuwar shadda ya tafi Kalgo, har ya yi magana da mai a-kori-kura ya jira shi a waje. Alhaji Hassan ya duba na'ura, ya duba takardar hotuna, ya sauko da yatsa daga ƙololuwa, ya wuce fanka, ya wuce fulas.

"Laima," in ji shi.

"Wata tara hwa, Alhaji."

"Na wata ukun farko sun mutu. Maki in sun wuce wata shida mutuwa suke. Yana nan a rubuce a baya."

"Gyara na mutuwa?"

"Na banki yana yi."

Aka ɗauko laima koriya mai sunan bankin a jiki. Ɗalha ya karɓa, ya tsaya ƙyam don jiki ya riga ya saba, bakinsa ya ce "gyara hwa" ba da izininsa ba. Aka ba shi biro. Ya fita ya sallami mai a-kori-kura, wanda shi ma ya ce sai an biya shi kuɗin jira.

Ya iso gida da la'asar, bai bi ta shago ba. Ruƙayyatu ta dubi laimar, ta dubi bayansa ko akwai masu ɗauko wani abu. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon fura ta ajiye masa. Ya kai ludayi baki don ya samu abin yi. Ludayin ya tsaya a nan. Tsamin nan ne mai laushi, da ƙamshin hayaƙin ruga, da maiƙon da ke mannewa a leɓe. Ya ji kewar uwarsa ta taso masa kamar jiya aka binne ta, ya ji kewar tsohuwar da ke da rai a nan kusa, wadda shi da kansa ya tsuguna ya ɓoye mata. Hawaye suka zo, bai hana su ba.

"Ina kin ka samu?"

"Kassuwa. Na aika an sawo, kamar kowa. Ni ba ni shan na buhu, kai ma ka sani."

"Tana lahiya?"

"Tana nan. Kwanan hwarko gida-gida ta ka bi da rabonka cikin rana, har ƙahwarta ta kumbura. Yanzu ta koma gindin ceɗiya."

"Ta tambaye ni?"

"Ta tambayi tarin Maryam. Ta tambayi akuya ko ta haihu."

Ranar kasuwa ya sauko da ƙwaryar daga saman kantar, ya wanke ƙurar wata tara da hannunsa. Ya ɗauki laimar. Ya bi hanyar ceɗiya, ta gaban kowa. Tana nan a wurinta na da, gefen dama na inda ba kowa yanzu, ta ƙara ƙanƙancewa, ƙafa ɗaya a miƙe. Ya tsuguna har ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau, Malam Ɗalha. Ya iyali? Ya ciniki?"

Tunda aka haife shi ba ta taɓa kiransa Malam ba. Ya fara bayani: kati, maki, Kalgo, firijin da ya so ta riƙa sa nono a ciki. Ta saurara har ƙarshe da natsuwa, tana korar ƙuda da faifai. Da ya ce ta yafe masa, ta ce ba komai, Allah ya yafe mu duka, da muryar da ake amsa wa wanda ya taka maka tabarma a masallaci. Ya miƙa laimar. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya sosai, ta buɗe ta kafa ta yi wa ƙorenta inuwa.

Sai ya tura ƙwaryar uwarsa gabanta. Ta dubi ɗinkin da ke gefe, ta ɗan daɗe tana dubawa. Ba ta taɓa shi ba.

"Na nawa za a zuba?"

Ya faɗi abin da ya saba ɗauka. Ta auna masa ludayi bayan ludayi, kowanne cike, ba zalunci ko na ɗigo. Da ta kai na ƙarshe ta goge bakin ludayin da yatsa, ta ajiye shi, ta rufe ƙwaryarta da faifai. Ya biya, ta ƙulle a bakin zane. Ga curin man shanu nan a ƙaramin ƙoƙo kusa da gwiwarta.

Ɗalha bai tashi ba. Ya zauna a tsugune da ƙwarya a buɗe a gabansa, yana jira. Wata mata ta zo bayansa da kwano ta tsaya. Inna Zulai ta dube shi da idon mai jiran a ba na baya wuri. Ya san in ya tashi yanzu shi ke nan, kuma ya san in ya buɗe baki ma shi ke nan. Muryar da duk Gwandu ta sani ta fito ƙarama, da kyar ta kai kunnenta.

"Inna... gyara hwa?"

Ta ɗaga faifan ba musu. Ta ɗebo rabin ludayi, daidai yadda take yi wa kowane mai saye da ya roƙa, ta zuba masa.

"Ga shi, Malam," in ji ta. Ta miƙa hannu ta karɓi kwanon matar da ke bayansa.